Sawun Taya a Asabarin Amarya

Autata Balki ce ta tono wannan magana ba da niyya ba. Ta zo mini da wayarta wata Juma'a bayan la'asar, ta ce in zo in ga dangina. Wai fim ne na wasu mata biyu da suka ɗauki mota suka kama hanya su kaɗai, suna waƙa, iska na kaɗa musu gashi. Na kalla har ƙarshe. Na ce mata matan nan 'yan halas ne, sun riƙe juna, amma fa a kan kwalta suke gudu, ko sau ɗaya ban ga ɗayarsu ta durƙusa tana tonon rairayi da murfin tukunya ba. Ta yi dariya ta ce, "Su dai ba su saci motar mazansu ba, Inna." Da wasa ta faɗa, na sani. Amma wasan ya nuna mini abin da ke cikinku ku biyar har yau, wato na sace motar babanku, kuma Lalla ce ta zuga ni. To babanku ya rasu, yayansa Baba Alhaji ya bi shi, alkawarin da ya ɗaure mini baki ya kwance. Sai ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Kun san fuskar Lalla, ba ku san abin da ke tsakaninmu ba. Na zo Akokan, garin ma'adini na gefen Arlit, daga ƙasar Tawa da ƙuruciyata, babanku yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata bakin ramin ma'adini. Gidajen ma'aikata a jere suke, bango ɗaya ya raba ni da ita. Mutuniyar Abzin ce, doguwa, mijinta mai gadi ne a wurin aikin. Da na haifi yayanku babba, ba uwa kusa, ba goggo, hanya kuma ba ta kusa ba. Lalla ba ta taɓa ganin wankan jego ba, a garinsu ba a yin irinsa. Ta je ta tambayi wata tsohuwa 'yar Damagaram yadda ake yi, ta dawo ta ɗora tukunya. Kwana arba'in tana dafa mini ruwa safe da yamma, a garin da itace ya fi nama wuyar samu. Kullum sai ta tsoma yatsa ta janye da sauri.

"Kai Dije, wannan ba wanka ba ne, dahuwa ne. Ku Hausawa ba ku da tausayi."

Haka Hausarta take, kowa "kai" ne a bakinta, mace da namiji. Shekara talatin da wani abu ina gyara mata, har na gaji na bar ta.

Tuƙi kuwa babanku ne ya koya mini da hannunsa, wannan kun sani, kuna dai yi kamar kun manta. Da yanar ido ta fara rufe masa gani ya bar aiki, tsohuwar motarsa kat-kat ɗin nan, mai jan ƙafa huɗu da buɗaɗɗen baya, ta zauna a ƙofar gida, sai ya riƙa fita da ni filin bayan gari da yamma, wai don in riƙa kai shi wurin likita. Yana cewa nan babu abin da zan buge sai in Allah ya nufa. Na koya, na kuma ji daɗinsa fiye da yadda na nuna. Amma iyakata cikin gari da wannan fili. Ban taɓa fita daji ba.

Sai ga shekarar da aka rufe ramin Akokan. Wanda bai ga garin a lokacin ba ba zai gane ba. Kowane lungu ana ɗaure kaya, ana kwance gado, awaki a kan kamyo, manyan motocin kaya, suna kuka, duk wata mota mai ƙafa huɗu ta fuskanci kudu. Mu ma Baba Alhaji ya taso takanas daga Tawa don ya kwashe mu, aka tsai da ranar Alhamis, shi zai tuƙa kat-kat ɗin mu bi ayari. A makon ne kuma za a aurar da Mariyama, 'yar Lalla tilo, ga wani mai lambu a ƙauyensu, can gindin dutse bayan Iferwan. Mijin Lalla ya riga ya rasu, amarya ta yi gaba wurin dangin uwarta, saura ɗaki.

Dole in yi muku bayanin ɗakin nan, don a kansa komai ya rataya. A wurinsu ba ango ke gina wa amarya ɗaki ba. Uwar amarya ce ke kawo shi sukutum: tabarmin kaba na rufi, sandunan da ake lanƙwasawa, gadon sassaƙa, da asabari. Mata su taru su kafa shi kwana ɗaya kafin ɗaurin aure, ɗakin kuma na amarya ne har ta mutu, miji baƙo ne a ciki. Asabarin ba irin namu na ƙofa ba ne. Dogo ne, yana zagaye gado kamar bango, ana saƙa shi da siririyar ciyawar daji da zaren fata rinanniya, shi ne abin da dangin ango suke fara dubawa su san ko uwa ta isa. Shekara uku Lalla tana saƙa nata a gabana, har idonta ya fara ruwa. Direban da ya yi mata alkawarin kai kayan ya aiko ranar Litinin cewa ya samu lodin Maraɗi. Ta zagaye tashar Arlit kaf, ba wanda zai yi gabas. Aure Juma'a, kafa ɗaki Alhamis. In bai isa ba, Mariyama za ta shiga ɗakin aro, matan ƙauye kuma su sa uwarta a waƙa har ƙarshen ranta.

Ba ta roƙe ni komai ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Na leƙa ta kan bango ranar Talata na gan ta zaune kusa da kayan a ɗaure, ta haɗa shayi ta bar shi ya huce. Ni ce na shiga rumfa inda babanku da Baba Alhaji suke zaune, na durƙusa na ce ina so in kai ta, in dawo Asabar, a ɗage tafiyarmu kwana uku. Baba Alhaji ya ajiye tasbaha ya dube ni.

"Mi kinka ce? Mata biyu cikin dajin ga da maza ke tsoro? Wagga magana kada in ƙara jin ta. Alhamis muna tahiya."

Babanku bai ɗaga kai ba. Kun san shi, yayan nan nasa ne ya rene shi, bai taɓa musa masa ko a kan gishirin miya ba. Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata ashe na auri ragon maza. Da azahar na kai musu tuwo. Da na je ɗauko kwanuka, na ɗaga faifan da ke kan na babanku, sai ga makullin mota kwance a cikin kwanon, ya ma shafe shi da miyar kuɓewa. Baba Alhaji ya zagaya alwala. Babanku ya yi magana yana kallon bango, murya ƙasa ƙasa.

"Mai ya isa zuwa da komowa. In an tambaye ni, ban sani ba. Ke ma ba ki ce na sani ba, muddin Yaya na da rai."

Na ce na ji. Na sa makullin a bakin zane.

Laraba da sassafe, suna masallaci, muka ɗora kaya ni da Lalla da matan layinmu uku. Gado a ƙasa, sanduna a gefe, tabarmi a kai, asabari a naɗe cikin tsohon bargo kamar jariri. Bido biyu, wato jarkokin ruwa, da muka ɗinke da buhu muka jiƙa, kayan shayi, dabino, cuku. Na tada mota, sannan na yi abin da nake ganin wayo ne, na kashe wayata na jefa cikin jaka, don kada Baba Alhaji ya kira ya karya mini zuciya. Lalla ba ta da waya, ta ba Mariyama tata. A bakin gari 'yan kabu-kabu suna shan shayi, ɗayansu ya miƙe yana leƙen motar, ya ce, "Hajiya, ina direban?" Lalla ta zuro kai ta taga.

"Ga shi nan da kallabi. Ba ka gani?"

Muka wuce muka bar su da baki buɗe. Da gidajen ƙarshe suka ɓace a madubi, tulin ƙasar ma'adini ya koma baya, fili ya buɗe har iyakar gani, sai na ji wani abu ya taso mini daga ciki. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai, ina riƙe da sitiyari. Ina da shekara hamsin da ɗoriya, jikoki huɗu, amma wallahi ranar ji na yi kamar an sake haihuwata. Lalla ta kama waƙar garinsu tana kiɗa a jikin ƙofa, ni ina amsawa da abin da ban san ma'anarsa ba. Hanya babu, sai sawun motoci da suka rarrabu kamar yatsu. Ita ce idona. Ta ce in bar wancan dutse mai kan raƙumi a hagu, in nufi baƙin can, in na ga tulin duwatsu da mutane suka jera in bi damansa. Tun tana yarinya ta bi hanyar a kan jaki, ba abin da ya ɓace mata. Muka tsaya da hantsi ƙarƙashin wata bishiyar ƙaya muka sha shayi, muka yi gulmar duk matan layinmu ɗaya bayan ɗaya, muka yi dariya har na ƙware. Can cikin hira na faɗa mata abin da ban faɗa wa kowa ba, cewa tsoron komawa Tawa nake ji, garin da na bari da ƙuruciya, inda yanzu ba ni da ƙawa ko ɗaya. Ta ce wanda ya iya zama a Akokan babu inda ba zai iya zama ba, ta ƙara mini sukari.

Rana na tsaka muka iso ƙoramar farko. Busasshiya ce, rairayi fari mai laushi. Na yi bisimilla, na ja ƙaramin sandan nan na kusa da giya da babanku ya ce shi ke sa ƙafafu huɗu su yi aiki, na shiga da ƙarfina. Muka yi rabi, mota ta fara nishi, ta tsaya. Na taka mai, ƙafafun baya suka yi ta tonon rami, na gaba kuwa ko motsi. Muka sauka. Mun nutse har ciki. Muka tona da murfin tukunya da hannu, rairayin na ƙona gwiwa. Muka rage iskar taya. Muka jera duwatsu, taya ta haɗiye su. Muka shimfiɗa tabarmar kaba biyu, ta tauna ta tofar ta baya. Ba mota, ba raƙumi, ba ko tsuntsu. Na kunna waya a lokacin, babu layi ko ɗigo. Bido ɗaya ya kusa ƙarewa.

Ina durƙushe ina tono sai na ji Lalla tana kwance bargo. Na ɗaga kai na ga ta sauke asabarin.

"Lalla, kada ki soma. Shekara uku."

"Yana da tsawo, yana da fata, taya ba ya iya cinye shi. Shiga mota."

"Na rantse ba ni taka shi."

"Dije, asabari mai kyau a cikin daji, wa zai gani? Ɗiyata yana jira. Shiga."

Ta shimfiɗa shi da hannunta, ta cusa bakinsa ƙarƙashin tayar baya, ta koma bayan mota ta dafa. Na shiga ina hawaye. Na taka mai a hankali, na ji ƙarar ciyawa tana karyewa, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mota ta yi tsalle, ta kama, ta hau, sai ga mu a kan tsakuwa. Na dawo da gudu. Sawun taya baƙi ƙirin ya bi tsawon asabarin kamu shida ko bakwai, ciyawa ta farfashe, jar fatar ta yi baƙi. Lalla ta kakkaɓe shi, ta naɗe, ta mayar cikin mota. Muka ɗan gusa kaɗan, sai ga wata ƙorama a gabanmu, ta ninka ta farko faɗi.

Nan ƙarfina ya ƙare. Na kashe mota, na zauna a 'yar inuwarta jikin tayar gaba, na ce na kashe mu, na ɓata auren yarinya, Baba Alhaji ya yi gaskiya. Lalla ta miƙo mini ruwa a murfin bido, ta ce in sha in bar surutu. Sannan ta tambaye ni, in Malam, wato babanku, zai shiga rairayi, me yake yi? Na ce ba abin da yake yi, sandan nan yake ja. Ta ce a'a, ita ta sha hango mu daga kan bango in mun nufi rairayin bayan gari, kullum sai ya sauka ya tsuguna a gaban mota, hagu da dama. Na ce ai iskar taya yake dubawa. Ina faɗa ina jin maganar ba ta zauna ba. Mutumin da ba ya gani sosai, kuma tayar gaba kaɗai? Na tashi na tsuguna yadda yake tsugunawa, na rufe ido, na kai hannu inda yake kai nasa, tsakiyar taya. Sai yatsuna suka faɗa kan wani ɗan ƙarfe mai kunne biyu. Na murɗa. Ya ce ƙas. Na zaga ɗaya gefen na murɗa. Ashe tsofaffin motocin nan, in ba a murɗa wannan da hannu ba, ko ka ja sanda sau ɗari ƙafafun gaba barci suke. Shekara biyu yana yi mini wannan aiki da kansa don kada in ɓata zane, bai taɓa tunanin ya faɗa mini ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Yadda motar nan ta ratsa ƙorama ta biyu, sai ka ce ba ita ba. Ta shiga tana gurnani, tana watsa rairayi hagu da dama, Lalla tana dukan ƙofa tana ihu da yarensu, ni ina salati ina dariya lokaci guda. Muka ratsa ta uku, muka ratsa ta huɗu, na fara jin kaina har ina neman inda ya fi laushi in bi, sai da Lalla ta ce in rage rawar kai. Amma murnata da ɗaci a ciki, don na san da na murɗa ƙarfen nan tun farko, da asabari na nan lafiya. Rana ta yi ja muka hango dabinai da lambuna. Mata suka fito da gudu, da suka ga wadda ke tuƙi sai guɗa ta kaure, Mariyama ta rungume ni tun ban gama saukowa ba.

Washegari aka kafa ɗaki. Na ja Lalla gefe na ce a juya wurin da ya ɓaci ya koma bayan gado, a jingina jakunkunan fata a kai, ba mai gani. Ta dube ni kamar na zage ta. Da hannunta ta kafa shi, sawun tayar yana kallon ƙofa, duk mai shigowa shi zai fara gani. Dangin ango suka zo dubawa, babbar goggonsa a gaba, tsohuwa mai kaifin ido. Ta shafa saƙar, ta gyaɗa kai, har ta iso wurin. Ta tsaya. Ta ɗora yatsa a kan sawun. Ta yi tambaya da yarensu, Lalla ta amsa mata da Hausa don in ji.

"Daga nan zuwa nan ni na saƙa, shekara uku. Wannan baƙin kuma ƙawata ne ya yi, rana ɗaya. Shi ya fi tsada."

Aka fassara wa tsohuwa, aka ba ta labari. Ta daɗe tana kallona, sannan ta cire zoben azurfa daga yatsanta ta kama hannuna ta zura. Shi ne wannan da kuke gani.

Na tuƙo kat-kat ɗin na dawo Akokan Asabar, ina bin bayan motar wasu masu albasa. Baba Alhaji ya yi fushi ya hau motar haya tun Alhamis, labari ya riga ni isa Tawa. Sauran kun sani, don da ku aka yi. Shekara guda bai amsa gaisuwata ba. A gidan biki in na shigo sai a ce ga Dije direba, a yi ƙasa da murya. Yayanku ya ce mini a waya wai Lalla ta ci amanar maƙwabtaka, kada ya ƙara jin sunanta. Na haɗiye, ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na yi alkawari. Abin da ba ku gani ba shi ne ranar da na dawo. Babanku yana zaune a rumfa, ya rame kamar ya yi jinya. Ya bari mutane suka watse, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Kin murɗa na gaba?"

Na ce na murɗa, amma a makare. Ya ce yana cikin sallar asuba abin ya faɗo masa, ya fito ya tarar mun tafi. Ya ɓuya a bayan gida ya kira ni ya fi a ƙirga, waya a kashe. Ba ya iya aika kowa ba tare da ya tona kansa ba. Har Alhamis yana zaune kusa da yayansa, yana taya shi faɗan mata marasa jin magana, abinci ba ya wuce masa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Watan jiya Mariyama ta aiko mini da hoto. Ta haifi mace, an kwantar da ita a gado, bayanta ga asabarin nan, sawun taya na nan bai goge ba. Sunan yarinya Hadiza, suna kiranta Dije. Lalla ta tsufa, idonta ya kusa tafiya, an ce kullum tana tambaya ko 'ya'yanta na Tawa suna lafiya, don ban taɓa faɗa mata abin da kuke cewa ba.

Saboda haka, kai babba, ba na kiran sunanka amma ka san da kai nake. Bayan Sallah ka zo da motarka. Za ka durƙusa gaban matar da ta dafa mini ruwan wankan jegonka kwana arba'in, ka gaishe ta da kyau. Hanya kuma na san ta. Kai ka zauna a gefe, ni zan tuƙa.